Babbar Fuska Don Baba Mai Sito

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki gaishe ta, ki gaida Baba. Ni ma lafiya lau, alhamdu lillahi.

Yaya, ranar Litinin da safe na ga wani abu da ya tsaya mini a rai, kuma a nan ba ni da wanda zan faɗa wa. Maigidan shagonmu ya aike ni wani kamfanin kayan gyaran mota, suna son kwamfuta a sitonsu. Aikin da nake koyo ke nan, ba miƙa kaya kawai ba: sai ka je ka ga wurin mutum, ka ji abin da yake so na'urar ta yi masa, sannan ka rubuta masa wadda ta dace. Na riga mai kamfanin zuwa. Ta ƙofa na hango mai kula da siton, wani dattijo da kowa ke kira Baba. Ya ɗauki ƙaramin kwali ya je bakin taga, ya kawo shi har yana taɓa hancinsa, ya runtse ido ɗaya, yana bin lambar jikinsa da farce. Da ya ji takuna sai ya hau goge kwalin da hannun riga, wai datti.

Da mai kamfanin ya zo, duk abin da ya kira, Baba zai miƙa hannu ya zaro shi daga kanta ba tare da ya duba ba. Mutumin har yana yi mini alfahari, wai shekara ashirin da bakwai Baba bai taɓa ba shi kayan da ba shi ne ba. Da ka yake aikin, Yaya, ba da ido ba. Kwamfuta kuwa sai an karanta.

Ga inda abin ya shafe ni. Ƙarshen wata gwajinmu zai ƙare. Mu biyu ne masu koyo, tebur ɗaya ne, wato mutum ɗaya za a ɗauka aiki. Ɗayan ya yi karatu, Ɗan Difloma ake ce masa, in ya saki Turanci kwastoma har gyara zama yake. Ni Mai Tef suke kirana, don ni ke yawo da tef ɗin awon waya. Maigida yana da ƙananan kwamfutocin hannu da suka yi kwantai tun bara, ya ce in rubuta wa kamfanin nan guda biyu, ita ce takardata ta farko, da ita zai auna ni. Fuskarsu, inda rubutu ke fitowa, ba ta fi littafin makaranta ba.

Da rana duk suna fita cin abinci tare, ni ake bar wa gadin shago, in zauna ina kallon kaina a fuskokin kwamfutocin da aka kashe. Wata uku ke nan ban ji an kira ni Auta ba.

Ki ci gaba da sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Na sami wasiƙarki, na karanta ta sau uku. Na ji daɗi da Inna ta fara takawa har ƙofar gida. Allah Ya ƙara sauƙi.

Kin ce in bi abin da Maigida ya ce, in bar shiga abin da ba ruwana. Na yi niyya, wallahi. Na koma siton da ƙaramar kwamfutar don gwaji. Na ƙara girman rubutun yadda Baba zai iya gani, sai layi uku kawai suka rage a fuskar, alhali takardar kayansu tana da gidaje goma sha ɗaya. Baba ya sunkuya ya daɗe, sannan ya ce kai, ta yi kyau ƙwarai. A lokacin kuwa fuskar ta riga ta ɗauke, ba komai a kanta.

Na ce masa na gan shi a bakin taga rannan. Ya ja ni bayan kanta. Ya ce yanar ido ce ta fara rufe masa gani, tabarau ba ya yi, likita ya ba shi wata huɗu kafin a yi aiki. Ya ce, ɗana, in mai kamfani ya ji, da mutunci zai sallame ni, har da godiya, amma sallama ce. Ya riƙe hannuna ya ce in rufa masa asiri. Tun da na zo garin nan ba wanda ya riƙe hannuna.

Na rubuta kwamfutar tebur guda ɗaya, da fuska babba, da madannai masu manyan haruffa. Maigida ya duba takardar ya tambaye ni ko gidan kallo za su buɗe a siton. Ɗan Difloma ya ce a'a, Mai Tef ya auna ne ya ga ƙaramar ba ta kai tsawon tef ɗinsa ba. Kowa ya yi dariya. Na ce gidajen takardar suna da yawa, siton kuma ba haske. Duk gaskiya ne. Maigida ya ce wannan ba dalili ba ne, in ba shi dalili ɗaya mai ƙarfi, zai sa hannu yanzu.

Yaya, dalilin yana bakina. Maigida ba mugu ba ne, da na faɗa da ya yaba mini ido. Amma shi da mai kamfanin kullum suna waya. Na tsaya ina kallon takalmina har ya gaji, ya ce in kai wa mai kamfanin takardu biyu, tasa da tawa. Mai kamfanin ya jera su, ya tambaye ni in sitona ne wacce zan saka. Na nuna tawa, ita kuwa ya zaɓa.

Tun daga ranar Maigida bai sake aikena wurin kwastoma ba. Kwalaye nake jerawa a baya, ni kaɗai.

Ki gaida yara. Kada ki faɗa wa Babanmu tukuna.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum, da fatan kowa lafiya. Ni ma jikina lafiya.

An ba Ɗan Difloma tebur. Ya sayar da ƙananan nan guda biyar a sati ɗaya, ban ce bai cancanta ba. Ni Maigida ya ce ina da ido amma ba ni da baki, mai sayarwar da ba zai iya kare takardarsa ba bai iya ba tukuna. Ya ƙara mini wata uku na gwaji, ba alkawarin komai. Na ce na gode.

Jiya aka ce in bi mota in haɗa wa kamfanin nan kayan, don ba mai son hawa benen siton da kwali. Na ajiye teburin kwamfutar inda hasken taga ba zai doki fuskar ba, na ƙara girman rubutu, gidaje goma sha ɗayan nan duka suka fito. Mai kamfanin ya shigo ya tsaya a kanmu, ya ce to Baba, mu gani, karanto mana na bakwai. Baba ya zauna, bayansa a miƙe, bai sunkuya ba. Ya karanta lambar tun daga farko har ƙarshe, da haruffan da ke tsakiya, sannan ya wuce zuwa na takwas ba wanda ya sa shi. Mai kamfanin ya ce ka ji tsoho mai idon yara, ya fita yana amsa waya. Baba bai dube ni ba. Ya dai ɗora hannunsa a kan madannan.

Yanzu ki faɗa wa Babanmu ban sami teburin shagon ba. Na san zai ce shirun nan nawa ne ya ja mini, kuma bai yi ƙarya ba. Sauran labarin ki bar shi tsakanina da ke, ba nawa ba ne da zan raba. In wata rana kika yi shakkar ko ƙawata zancen na yi don in rufe kunyata, ba ni kaɗai na gani ba. Direban motar shagonmu yana tsaye da kwali a kafaɗa, da matar da ke sharar siton, wadda ta tsaya da tsintsiya a hannu har Baba ya kai ƙarshen lambar. Su ba su san abin da suka gani ba, amma suna wurin.

Ki gaida Inna da kyau.

Ƙaninki,
Auta