Baba, An Auna Mu da Jikokin Japanawa

Zuwa ga mahaifina, Malam Idrisu mai gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na unguwar Kurayyat a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, da ladabin da ka rene mu a kansa. Ni ne Mahmud, babban ɗanka. Umma tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar da ka san ta da shi. Ƙanena Yasir da matarsa da 'ya'yansa mata uku duk suna nan ƙalau. Shekara shida ke nan da rasuwarka ban taɓa zama na rubuta maka ba, sai yau da wani abu ya faru da na kasa riƙe shi ni kaɗai. Na san wasu za su karanta. Su karanta.

Har yanzu direba ne ni, Baba, a kamfanin da ke gyaran injinan tace ruwan teku. Watannin baya aka tura ni filin jirgi in ɗauko wani injiniya, aka ba ni kwali an rubuta Paulo. Ina tsaye ina jiran dogon Bature, sai ga wani gajeren mutum mai furfura, fuskarsa ta Japanawa sak, ya nuna kwalin ya nuna ƙirjinsa. A mota ya gaya mini shi ɗan Brazil ne. Kakansa ne ya fito daga Japan, shi ko harshen bai iya sosai ba. Wata uku na yi ina kai shi aiki ina mayar da shi masauki, muna hira da guntun Turancina da guntun Larabcinsa.

Wata rana da rana tsaka ya ce ya gaji da abincin otal, na kai shi kasuwar Bab Makka cin wake da gurasa. A bakin hanya muka wuce wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa, na durƙusa na gaishe ta da Hausa. Ya tambaye ni wane harshe ne wannan. Daga nan labari ya buɗe.

Ya ciro hoton kakansa a waya ya nuna mini. Wani ramammen manomi ne da hular kaba. Ya ce talauci ne ya kore shi daga Japan, ya shiga jirgin ruwa, ya je ya yi ƙwadago a gonar kofi, yana kwana a ɗakin da bai fi garken dabbobi ba. Da niyyar komawa gida ya je, bai koma ba. An raina su, an yi musu dariya, lokacin babban yaƙi har an hana su yin harshensu a bainar jama'a. Amma a hankali ya sayi 'yar gona. 'Ya'yan da ya haifa a can, tun ranar haihuwa 'yan ƙasa ne. Mahaifin Paulo ya sayar da kayan lambu a kasuwa, Paulo ya je jami'a, ƙanwarsa likitar haƙori ce.

Ni ma na ba shi labarin mahaifinka. Yadda ya baro ƙasar Hausa da ƙafa don aikin hajji, ya tsaya cirar auduga a Sudan shekara da shekaru, ya ƙetaro teku, ya zo ya riƙa ɗaukar ruwa a garwa biyu yana sayarwa gida-gida a tsohuwar Jidda. Shi ma kullum cewa yake baɗi zai koma. Shi ya sa lokacin da maƙwabtansa suka je suka rubuta sunansu aka ba su jinsiyya, takardar zama 'yan ƙasa, shi bai je ba. Paulo ya yi ta dariya, ya ce ashe kakanninmu irin ɗaya ne.

Sai ya ce, to ke nan ni ɗan ƙasar nan ne. Na ciro iƙama na miƙa masa. Na gaya masa a nan aka haife ka, a nan aka haife ni, amma katin zaman baƙo nake riƙe da shi, kullum yana kusa da ƙarewa, kuma ƙasar da aka rubuta a jiki, Sudan, ban taɓa taka ta ba. Ya juya katin gaba da baya, ya mayar mini da hannu biyu. Can ya tambaye ni sana'arka. Na ce kana da warsha, shagon gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ya ce ina take yanzu. Na bi da shi ta Kurayyat, na rage gudu, na nuna masa. Sabon fenti, sabon allo, sunan Ammu Hamza a sama.

Ka san wannan labarin fiye da ni, Baba, sai dai ƙarshensa da ba ka gani ba. Baƙo ba ya buɗe shago da sunansa, shi ya sa ka buɗe da sunan Ammu Hamza, abokinka na yarinta da muke kira Ammu, wato baffa, Bahaushe irinmu, wanda nasa uban ya karɓi jinsiyya. Kai ka sayi kayan aiki, kai ka tara masu kawo gyara, kai ka hau saman gidajen mutane a zafin da ƙarfe ke ƙona tafin hannu. Na tuna yatsunka duk yankan ƙarfe. Na tuna kana sanyaya ɗakunan rabin unguwa, mu kuwa fanka ce a ɗakinmu, kana cewa namu yana zuwa. Shi kuma duk ƙarshen wata ya zo da farar riga ya karɓi kasonsa na aron suna, ka kawo masa shayi da hannunka.

Da aka gama zaman makokinka na kwana uku, na ɗauki makullinka na je buɗe warsha. Makulli ya ƙi shiga. An canja kwaɗo. Na je gidan Ammu Hamza, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya waladi, ɗana, takarda ita ke magana." Bayan mako biyu ya ɗauki Yasir aiki a cikin shagon ubansa, ya zama kafilinsa, wato wanda iƙamarsa ke ƙarƙashin sunansa, ya bi gari yana faɗin ya riƙe marayun amininsa. Muka yi shiru, saboda iƙamar Yasir tana hannunsa.

Kuskurena shi ne na ba Yasir labarin Paulo, shi kuma ya maimaita a warsha, har ya kai kunnen Ammu Hamza.

Aka yi walimar sunan jikansa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya kama babban wurin taro, ya yanka raguna, ya gayyaci duk dattawan Hausawan da ka sani. Bayan an ci an ƙoshi, ya miƙe da lasifika a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun. Ya ce ya yi bincike. Ya ce mu dubi jikokin Japanawa a Brazil da Amurka, kakanninsu sun je ba ko takalmi, yau su ne likitoci da injiniyoyi da masu manyan gonaki. "Mu fa?" in ji shi. "Tun yaushe muke ƙasar nan? Matanmu na tallar gyaɗa a titi, samarinmu na wankin mota. Lalaci ne, wallahi, da son banza. Su mutane ne masu tsari da riƙon amana."

Amana, Baba. Daga bakinsa kalmar ta fito, da maiƙon rago a leɓensa.

Abin da ya fi tayar mini da zuciya ba shi ba ne, mutanen da ke zaune ne. Malam Sani da kuka yi shekaru kuna ɗaga mukayyif tare, wanda bayansa ya tanƙware har ba ya iya ruku'u daidai, shi ne ya fara cewa gaskiya ne. Sauran suka bi, suna gyaɗa kai, suna suɗe yatsu. Mutanen da ban taɓa ganin rana ta fito ta same su a kwance ba, an kira su malalata a gaban 'ya'yansu, suna godiya.

Sai Ammu Hamza ya nuno ni. "Yalla, ya Mahmud, tashi ka faɗa musu, kai da kake tuƙa ɗaya daga cikinsu."

Na tashi. Ban shirya komai ba, Allah shi ne shaida. Na ce, "Gaskiya ne, Ammu, mutane ne masu ƙoƙari. Amma gonar da kakan Paulo ya saya, sunansa ne a jikin takardar. Da ya mutu, ɗansa ya zo da makulli, ƙofa ta buɗe."

Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Ammu Hamza ya yi murmushi ya ce, "Allah Ya shirye ka. Halas, shi ke nan, a kawo shayi."

Kada ka zaci ina jin haushin Paulo da mutanensa. Sun sha wuya, sun yi aiki, Allah Ya ba su. Da zai tafi ya ba ni ƙullin kofi na garinsu, ya rungume ni. Kuma ban ce duk Bahaushen Jidda mutumin kirki ne ba, akwai 'yan zaman banza a cikinmu kamar ko'ina. Abin da na ƙi shi ne a jera mu da su a ce dubi bambanci, a ɓoye cewa su abin da suka shuka ya zama nasu, 'ya'yansu suka ɗora a kai, mu kuwa kowane ɗa sai ya fara daga inda kakansa ya fara. Kuma wanda ya cinye abin da ka shuka shi ne mai yi mana wa'azin.

Ranar Lahadi da safe Ammu Hamza ya kira Yasir ofis. Ya ce iƙamarsa saura wata biyu, ba zai sabunta ba, ya nemi wani kafilin ko ya shirya barin ƙasa. Barin ƙasa zuwa ina? Zuwa Sudan da ake yaƙi, da yara mata uku da ba su san ko'ina ba sai unguwar Sharafiyya, waɗanda ko Hausar ma ji suke yi, ba sa iya mayarwa. Yasir ya zo gida idonsa jawur. Ya ce, "Yaya, kai ka faɗi maganarka ka ji sanyi, ni da 'ya'yana za mu ɗauki zafin."

Dattawa suka yi ta kirana a waya, suna cewa in je in ba Ammu Hamza haƙuri. Ko ɗaya bai ce na yi ƙarya ba. Duk bakinsu ɗaya: "Mun sani, Mahmud, amma ba a faɗa." Kwana huɗu ina cewa ba zan je ba. A rana ta biyar na dawo daga aiki na tarar ta wanke farar rigata, ta goge, ta rataye a ƙofar ɗakina.

Na je, Baba. Bayan la'asar na je. Na tarar ya tara dattawan nan a falonsa, don a yi a gaban idon da aka yi na farko. Ya bar ni a tsaye har ya gama wayarsa. Na ce shaiɗan ne ya zuga ni, na ce ban san abin da nake faɗa ba, na ce bai yi mana komai ba sai alheri. Na sunkuya na sumbaci kansa. Har yanzu ina jin ƙamshin turarensa a hancina, na wanke fuska ya fi sau goma bai fita ba.

Ya riƙe hannuna ya ce wa mutane, "Babansa ɗan'uwana ne. Mutumin kirki, sai dai bai iya tattali ba, shi ya sa bai bar musu komai ba. Allah Ya jiƙansa." Kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin. Wannan amin ɗin ce ta sa na zauna rubuta maka. A gabana aka ce ba ka bar komai ba, a bakin mutumin da ke cin guminka, na buɗe baki na amsa.

An sabunta iƙamar Yasir. Yaran suna zuwa makaranta. Shi da ni mun fara gaisawa.

Da na dawo daga gidan Ammu Hamza ranar, na cire rigar na jefar a ƙasa, na ce wa Umma na zubar da mutuncinka. Ta ɗauki rigar ta ninke, ta ce in zauna. Ta ce shekarar da zan shiga sakandare kun yi saɓani da Ammu Hamza, ka gaya masa gaskiya a gaban mutane, ya riƙe takardunmu gaba ɗaya, makaranta ta ce ba za ta karɓe ni ba sai an sabunta. Ta ce ka yi kwana uku ba ka ci abinci ba, sannan ka sa rigarka ta Juma'a ka tafi gidansa. Ka dawo ka shiga banɗaki ka daɗe, ka fito ka ce mata, "Kada yaron nan ya taɓa ji." Washegari ka riƙe hannuna ka kai ni makaranta, ka saya mini sabuwar jaka a hanya.

Na tuna jakar, Baba. Shuɗiya ce. Na tuna ina ta tsalle, kai kana tafiya a hankali, na yi ta jan hannunka ina cewa ka yi sauri. Ban sani ba. Shekara ashirin da wani abu ina alfahari da cewa ubana bai taɓa sunkuya wa kowa ba, ashe ka sunkuya, kuma don ni ne.

Ka yafe mini amin ɗin nan. Ka yafe mini jan hannun da na yi maka ranar.

Allah Ya gafarta maka, Ya yi maka rahama, Ya karɓi kowace hawa da sauka da ka yi a ƙarƙashin rana a matsayin ibada. Allah Ya jiƙan mahaifinka da ya zo da ƙafa. Allah Ya ba 'ya'yan Yasir wurin da za su kira nasu, Ya sa ni ne na ƙarshe a zuriyarka da zai shiga falon nan da kai a ƙasa. Abin da ke tsakaninka da Ammu Hamza kuwa na bar wa Allah, don ni na gwada, ka ga yadda ta ƙare.

Ɗanka da ya san ka yanzu fiye da lokacin da kake raye,
Mahmud,
daga Jidda.