Yaya, Na Fita Daga Ƙungiyar da Kuka Kafa

Zuwa ga yayana, Malam Kabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka na Gusau. Ka gaishe min da Inna, ka ce mata ina nan ƙalau.

Na rubuto maka a nan, inda kowa zai gani, tunda ka daina ɗaukar wayata. Na san labari ya riga ni isa wurinka. Gaskiya ne, na fita daga ƙungiyar ɗaliban da kai da abokanka kuka kafa a Alƙahira. Dalilin ne nake jin ba a gaya maka ba.

Ranar da na sauka, 'yan ƙungiyar ne suka tarye ni a filin jirgi. Ba wanda ya tambayi sunana, ƙanen Kabiru kawai ake cewa. Suka ba ni katifa a gidan ƙungiya, suka koya min hawa jirgin ƙasa na metro, suka tsaya da ni a layin neman iƙama, wato takardar izinin zama, cikin rana. Har yau a tukunyar da ka bari ake dafa shinkafar Juma'a. Ban manta ko ɗaya ba.

Amma tun da aka naɗa Malam Nura amir, gidan ya canza. Aka hana zama darasin kowane malami sai wanda shura ta yarda da shi. Aka hana zuwa wurin ɗaya ƙungiyar, ta ɗaliban unguwar Hadayek el-Ma'adi, wai aƙidarsu da gyara.

Sai maganar Ilyasu ta taso. Ba ka san shi ba, bayan tafiyarka ya zo. Ɗan Ƙaura ne, katifarsa kusa da tawa. Nahawu ya gagare shi, ya riƙa zuwa Hadayek a ɓoye, wani ɗan Maraɗi yana yi masa bita. Da aka gano, aka ce kada kowa ya yi masa magana sai ya tuba. Muna cin abinci a faranti ɗaya, shi yana gefe da ɗan kwanonsa.

Ana cikin haka ciwon ciki ya kayar da shi, aka yi masa aiki. Shura ta ce ba mai zuwa dubiya. Ni na je. Na tarar 'yan Hadayek ne ke jinyarsa, wannan ya tashi wancan ya zauna. Da na shiga, Ilyasu ya amsa sallamata, amma idonsa na kan ƙofa, yana jira ya ga ko akwai wani a bayana. Babu kowa, Yaya.

Da na koma gida, Malam Nura ya tara mutane ya ce min, "Da yayanka ne, da bai yi haka ba." Washegari na ɗaure littattafaina na fita.

Na ɗauka 'yan Hadayek za su karɓe ni hannu biyu. Shugabansu, Ustaz Mahamadu, ya ba ni shayi, ya yaba zuwana asibiti, sannan ya ce sai sun yi shawara. Daga baya na ji cewa wasunsu na ganin turo ni aka yi leƙen asiri, tunda ni ƙanenka ne. Suka kafa sharaɗi: in tsaya a taronsu in faɗi duk abin da ake faɗa a kansu a gidanmu, da sunan wanda ya faɗa.

Na je. Na miƙe a gabansu, wasu har sun ɗaga waya za su ɗauka. Na san sunayen, na san maganganun, kuma raina a ɓace yake da masu su. Amma mutanen gidanmun nan su suka yi jinyata lokacin da sanyin garin nan ya kwantar da ni. Sai na ce saboda Ilyasu na fita, ba ni da wata magana bayan wannan. Ustaz ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ka dawo bayan jarrabawa." Kowa a ɗakin ya san ma'anarta: ba su karɓe ni ba.

Yanzu wani Basudane mai sayar da turare a Wustul Balad, tsakiyar birni, ya ba ni wurin kwana a ɗakin kayansa. Rannan na haɗu da Bashir, abokin haddata a gidan ƙungiya, a cikin metro. Muna riƙe da ƙarfe ɗaya, ya kafa wa taga ido har na sauka. Ilyasu ya warke, 'yan Hadayek sun karɓe shi. Yakan kawo min abinci, amma sai ya roƙe ni kada in gaya wa kowa ya zo. Jarrabawa ta matso, ina karatu ni kaɗai, ba abin da ke zama a kaina.

An aiko min cewa Malam Nura zai mayar da ni idan ka sa baki, na kuma ba shura haƙuri a gaban kowa. Yaya, don Allah kada ka sa baki. Tun ina yaro ban taɓa ƙetare maganarka ba. Idan ka ce in koma, komawa zan yi, in zauna a farantin nan, in yi shiru ranar da aka ware wani. Abin da ke ba ni tsoro ke nan, fiye da kaɗaicin.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ja kwanan Inna. Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta, ya sanyaya zukatan gidajen biyu, ya sanyaya naka a kaina.

Ƙanenka,
Mustafa