Na'urar da Hannun Baba Zai Iya Riƙewa

Wara, Ƙaramar Hukumar Ngaski,
Jihar Kebbi.
9 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga Yayana Jabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Salma da ɗiyata Mansura. Allah Ya sauƙaƙa maka karatun da ya kai ka Malesiya, Ya kare ku daga sharrin baƙunta, Ya maido mana da ku gida lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta yi albarka, an soma yankan gero, ruwan tafki kuma yana ta cikowa har ya ci rabin hanyar kwata. Inna tana nan tana fama da gwiwarta kamar yadda ka sani. Ƙanwarmu Mufida ta koma makaranta. Goggo Balaraba ta zo daga Shanga dubiya, ta kwana uku, ta kawo mana sabuwar masara.

Yaya, na zaɓi in rubuto maka ne don in muna waya ba na iya faɗa maka gaskiya. Da na ji muryarka sai in ce da sauƙi, kai kuma ka yi hamdala, layi ya yanke. To sauƙin ba kamar yadda nake nuna maka ba ne. Wata huɗu ke nan da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo, yana takawa da sanda, maganarsa ma ta fito sai ɗan nauyin harshe. Amma hannun yana nan a dunƙule. Rachel, ma'aikaciyar gashin ƙashi da muke zuwa wurinta a Yauri duk mako biyu, ta ce watannin farkon nan su ne lokacin da aka fi sa rai, kuma hannun da aka bari ba motsi sandarewa yake ƙara yi. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Muna isowa gida ya tura ta ƙarƙashin gado da ƙafa, ya ce mutumin da ya shekara arba'in yana jan taru ba zai zauna yana matsa ƙwallo kamar jinjiri ba. Ya daina zama zaure, don ya ce abokansa hannunsa suke gaisarwa, ba shi ba. Yaronsa Dogo ke tuƙa jirginsa yanzu, kuma duk safiyar da ya ji tashin injin daga kwata sai ya juya fuskarsa bango. Wannan shi ya fi ɗaga min hankali, fiye da hannun kansa.

Kai ka kawo shawarar a saya masa na'urar wasan gem ta hannu, ka turo min hoton guda biyu, Steam Deck da Nintendo Switch, ka ce in zaɓa kafin abokinka da zai kawo ta ya taso a ƙarshen wata. Da farko dariya na yi. Amma da na gaya wa Rachel sai ta ce ba laifi, duk abin da zai sa ya motsa yatsunsa da son ransa zai taimaka, ta dai ja min kunne cewa ba magani ba ne kuma ba zai maye gurbin gashi ba. Ni kuma ban yarda in zaɓa daga hoto ba, gani ya kori ji. Na je kasuwar Yelwa ta Yauri wurin Auwalu ɗan Kawu, mai gyaran waya, ya ara min Steam Deck ɗinsa na kwana huɗu, yana ta yi min kashedi kamar na ɗauko masa amarya. Switch kuwa Malam Daniel ke da ita, malamin lissafi a makarantar da nake koyarwa. Kowannensu ya rantse tasa ta fi. Auwalu ya ce ta Daniel abin wasan yara ce, tasa kuwa kwamfuta ce sukutum. Daniel ya ce ta Auwalu sai mai ƙarfin ɗaukar bulo. Na bar su da gardamarsu na kawo wa Baba.

Da ta Auwalu muka fara. Ban ce wa Baba magani ce ba, na zauna kusa da shi ne bayan la'asar ina wani wasan kamun kifi, ina yi kamar ban iya ba. Bai fi minti goma ba ya soma yi min faɗa, wai wane mahaukaci ke jan ƙugiya tun kifi bai haɗiye ba. Daga nan ya ce in miƙo. Gaskiya, Yaya, na'urar nan tana da abin yabo. Gilashinta babba ne, yana ganin komai ba sai ya matse ido ba. Madannanta manya ne a warware, bayanta kuma yana da tudu inda tafin hannu ke zama, ta yi daidai da irin hannun Baba. Sai dai cajinta bai daɗe ba a wannan wasan, ga shi wuta sai ta yi kwanaki ba ta zo ba, solar gidanmu kuma da hadarin nan da kyar take cika wayoyi. Auwalu ya kuma gaya min wasanninta duk sauke su ake ta intanet, wani sai ya kwana yana sauka a Yelwa ma, balle nan da sai na fita bakin titi nake samun sabis mai kyau.

Duk wannan da sauƙi. Nauyinta shi ne matsalar. Rana ta biyu ya riƙe ta da hagu, ya ɗora dunƙulallen hannun a ɗaya gefen, yana ƙoƙarin kai babban yatsa kan madanni. Hagun ta gaji, na'urar ta karkace, hannun dama ya kasa tarewa, ta sulluɓe ta faɗi kan tabarma. Ba abin da ya same ta. Amma Goggo Balaraba tana wurin, ta saki salati da ƙarfi, ta ce ai ga irinta nan, dattijo da jikoki a ba shi abin yara. Baba ya kalli hannunsa, ya ja mayafi ya rufe shi. Kwana biyu bai yi wa kowa magana ba in ban da amsa gaisuwa, tuwo ma sai da Inna ta yi da gaske ya ci loma uku. Na shiga ɗaki na yi kuka, ina cewa garin neman gira na rasa ido. Na mayar wa Auwalu kayansa tun kwanakin ba su cika ba, na kuma yi niyyar ce maka a bar maganar gaba ɗaya.

Malam Daniel ne ya matsa min in gwada tasa ko sau ɗaya. Ya nuna min abin da hoton da ka turo bai nuna ba: gefunanta biyu zarewa suke, gilashin kuma ya tsaya da ƙafarsa a kan kujera. Ke nan ba abin da mutum zai ɗauka sai ɗan guntu da bai kai nauyin ƙaramar waya ba, ga igiya da ake ɗaurawa a wuyan hannu don kada ya faɗi. Wasanninsa a kan ɗan kati suke, a zura kawai a kunna. Caji ɗaya ya kai mu yamma biyu. Aibinta shi ne madannan ƙanana ne ƙwarai, yatsan Baba da igiyar taru ta yi wa kanta sai ya danne biyu lokaci guda, gilashin kuma ya ɗan fi na waccan ƙanƙanta, dole sai an matso da kujerar dab da shi.

Ban kai masa kai tsaye ba, tsoro nake ji. Na kafa ta a tsakar gida na ba Inna guntu ɗaya, muka yi tseren mota. Ka san Inna, wayarta ma sai an danna mata. Motarta ta riƙa karo da bango tana komawa baya, ita kuma tana ta yi mata tsawa kamar akuya ta shiga rumbu. Dariyarmu ce ta fito da Baba. Ya tsaya bakin ƙofa da sandarsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wa Inna mai tuƙi ba ya kallon hancin jirgi, gaba yake kallo. Ta ce in ya iya ya zo ya karɓa. Na ɗaura masa igiyar a hannun dama, na cusa guntuna cikin yatsunsa, ya tallafe da hagu a kan cinyarsa. Inna ce ta ci shi, sau uku a jere, kuma ba ta raga masa ba ko kaɗan. A zagaye na huɗu, Yaya, na ga babban yatsansa na dama ya ɗaga ya sauka. Kaɗan ne, kamar ƙiftawar ido. Ban nuna na gani ba. Yau kwana shida ke nan kullum bayan la'asar shi ke tambayar ina abin nan. Ya ce ta Auwalu jirgin inji ce, tana da kyau amma sai mai hannu biyu, wannan kuwa kwale-kwale ce, ko da hannu ɗaya a lallaɓa.

Don haka Switch za ka saya. Ka kula, Malam Daniel ya ce akwai wata ƙaramarta da gefunanta ba sa zarewa, kada a ba ka ita, ba ta da amfani a wurinmu. In akwai mai ɗan faɗin gilashi ka ɗauko ta. Ka haɗo da katin tsere da na kamun kifi in ana samu, ka kuma tambaya ko akwai robar da ake sa wa madannan su ƙara girma.

Abin da ke hana ni sukuni yanzu shi ne an yi wa Malam Daniel canjin wurin aiki zuwa Zuru, ranar Asabar zai tashi da iyalinsa. Ya ce zai bar mana ita, Baba ya ƙi, ya ce ba a raba baƙo da kayansa ranar tafiya. Ke nan za mu yi kusan mako uku ba komai a hannu kafin abokinka ya iso, in ma bai ɗaga tafiyar ba. Ina tsoron yatsan nan da ya soma motsi ya koma ya kwanta, ina kuma tsoron Baba ya koma ɗaki. Rachel da na kira ta ta yi murna, amma ta ce kada in sa rai da yawa tukuna, motsin yatsa ɗaya ba warkewa ba ne. Na san haka. In akwai wanda zai riga abokinka tasowa, ko ta Kano ko ta Abuja, don Allah ka ba shi, Auwalu ya ce zai je ya karɓo.

Shekaranjiya na gaya wa Baba kai za ka aiko da tasa ta kansa. Ya juya guntun a cinyarsa, sannan ya tambaye ni ko ita ma biyu take rabuwa. Na ce eh. Ya ce to in gaya maka Inna aro yake ba ta, rabi ɗaya naka ne, kuma ba zai so ka tarar da shi bai iya cin kowa ba. Bai tambayi ranar da za ka zo ba. Amma in hutun ƙarshen shekara zai yiwu, Yaya, ka duba.

Inna tana gaishe ku da kyau, ta ce a shafa mata kan Mansura. Mufida, Kawu, Auwalu da Dogo duk suna gaisuwa. Ka gaishe min da Anti Salma, ka ce mata na gode da addu'o'in da take turowa. Ku ci gaba da sa Baba a cikin addu'a. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Hamdiyya.