Ni Na Lalata Madubin Hangen Taurarin Kawu, Aka Ɗora wa Ɗansa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, don girman Allah ka ɓoye sunana. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa a kan wata da taurari da na'urorin hangensu, ban taɓa sa baki ba, don ni tela ne, karatuna bai yi nisa ba. Yau dai dole ta sa. Don Allah ku ba ni shawara, a kan kayan aiki, da kuma a kan wani laifi da na fi shekara ashirin ina ɓoyewa.

A hannun kawuna na tashi, yayan mahaifiyata. Mu mutanen wajen Taura ne, shi malamin makaranta, da aka ƙirƙiro jiha aka dawo da shi Dutse, ya zauna a Takur, ya ɗauko ni ya sa ni koyon ɗinki. Kawu yana da madubin hangen nesa, wani malamin kimiyya ɗan Indiya da suka koyar tare ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Dogon bututu ne fari, tsawonsa ya kusa sandar makiyayi, da ƙafafu uku na katako, da wani kai na ƙarfe mai mariƙi biyu da ake murɗawa a hankali a bi wata idan yana tafiya, sai ɗan akwati mai ƙananan gilasai guda uku waɗanda ake sa wa ido. Bayan magariba yakan kafa shi a ƙofar gida, maƙwabta su yi layi. Har yanzu ina tuna wata tsohuwa mai sayar da fura da ta leƙa ta ga ramukan wata, ta ja da baya tana salati, ta ce, "Malam, ashe shi ma ya yi agana?" Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Manoma da Fulani kuma sukan biyo su tambaye shi maganar damina, ya ce musu shi bai san gaibu ba, amma idan taurarin nan da ake kira kaza da 'ya'yanta suka ɓuya da yamma, lokacin gyaran gona ya yi. Iyakar abin da yake faɗa ke nan.

A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a ina saurayi, jinina na tafasa, na shiga wata majalisa ta samarin unguwa. Ba mu da ilimi, sai zafin kai. A nan aka fara yi mini ba'a, wai ina wa mutane wa'azi alhali a gidanmu ake bokanci da taurari. Na je na sami limamin unguwarmu, dattijon kirki, ya ce mini kallon halittar Allah daban, da'awar sanin gaibu daban, shi ma kansa ya taɓa leƙa madubin, har yakan roƙi Kawu ya fito da shi ranar neman jinjirin watan azumi. Ban ji ba. Na fi tsoron dariyar abokai a kan maganar malami. Wannan laifina ne ni kaɗai, ba wanda ya aike ni.

Wata Juma'a da kowa ya tafi masallaci, matan gida kuma sun tafi suna, na dawo da wuri. Na kwance kan ƙarfen nan, na haɗa da akwatin gilasan, na jefa a wata tsohuwar rijiya ta bayan gari wadda daga baya aka cike ta. Ƙafafun na sassare su da gatari. Bututun ne kaɗai na kasa taɓawa, ban san dalili ba, na bar shi a kan gado.

Abin da ban lissafa ba, da safiyar ranar Kawu ya yi faɗa da babban ɗansa, zan kira shi Yaya Bala, a kan ya ƙi komawa makaranta yana son tuƙin mota, har Yaya Bala ya ce ai shi Baba ya fi son bututunsa a kan 'ya'yansa. Kowa ya ji. Da Kawu ya dawo ya ga ɓarnar, bai nemi wani ba. Yaya Bala ya rantse, Kawu ya ce rantsuwar ƙarya ta fi masa ciwo a kan madubin. Ina tsaye a wurin, wallahi ina tsaye, har ni aka sa na kwashe guntayen katakon. Washegari Yaya Bala ya tafi Garki wurin dangin mahaifiyarsa, daga can ya shiga tuƙin manyan motoci. Tun daga nan ba su ƙara zama sun ci tuwo a kwano ɗaya ba. Yaya Bala yakan zo da Sallah, ya durƙusa ya gaishe shi, Kawu ya amsa da ka, shi ke nan. Mahaifiyarsa ta rasu tana roƙon a daidaita su. Ni na riƙe makarar.

Yanzu Kawu ya tsufa ƙwarai, ga ciwon ƙafa, ga numfashi yana ba shi wahala. Kwanakin baya aka cire masa yanar ido a idon dama, ya dawo yana gani. Ranar da aka kwance masa bandeji, da yamma muna zaune a tsakar gida, ya ɗaga kai ya ga wata, sai ya ce, "Tela, ashe yana nan yadda na bar shi. Ɗauko mini bututun nan a saman sif." Yana naɗe a tsohon zanen matarsa. Kawu ya ce ba ya son ya mutu bai ƙara ganin tauraron nan mai zobe ba.

Na yi ƙoƙari, amma komai na taɓa sai ya ƙi. Na kai wa mai walda ya yi mini ƙafafu na ƙarfe, suka yi nauyi, kuma da an taɓa sai hoton ya yi ta rawa, kafin ya tsaya wata ya fice. Na sa aka sayo mini irin ƙaramin gilashin nan da ake sa wa ido daga Kano, ya zo bai shiga ba, na auna da tef ɗina na ɗinki, ramin namu bai cika inci ɗaya ba, sabon kuwa inci ɗaya da kwata ne. Na naɗa kwali na ɗaure da zare, muka ga wani haske dishi-dishi, sai gilashin ya zame ya faɗi. Sannan a cikin babban gilashin gaba akwai wani abu kamar saƙar gizo-gizo, na goge ta waje da audugar ɗinki bai fita ba, na ji tsoron kwancewa kada in ƙarasa shi.

To masana, ga tambayoyina. Akwai abin da ake sawa tsakani ya haɗa ƙaramin rami da babban gilashi, ko sai an nemo irin na da? Wane irin kai da ƙafafu ne za su ɗauki dogon bututu ba rawa, wanda tsoho zai iya bi da hannu ɗaya? Na ga wasunku suna da wani abu mai lanƙwasa kamar gwiwa da ke sa mutum ya leƙa daga sama yana zaune, zai yi a namu? Don Kawu ba ya iya durƙuso. Saƙar gizon nan tana wankuwa? Wani ya ce in bar wahala in sayi madubin hange mai ido biyu in ɗora a kan ƙafa, amma ban sani ba ko zai nuna zoben, kuma Kawu nasa yake so.

Amma gaskiya ba wannan ne ya hana ni barci ba. Shekaranjiya ina ta fama da kwali da zare, Kawu yana kallona daga kan tabarma, sai ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Tela. Ɗan ƙanwata ne ke gyara abin da ɗan cikina ya rusa." Ya ce ya gaya wa liman, in ya mutu madubin nawa ne, kuma kada a bar Bala ya taɓa shi ko da ɗan yatsa. Na ce amin, na shiga bayan gida na yi kuka kamar yaro.

Likita ya ce a sanar da 'ya'yansa su zo su gan shi. Na buga wa Yaya Bala waya, ya ce yana hanya, Juma'a zai iso. Har ya ce mini, "Ƙanena, na gode da kake riƙe da tsohon nan, ni ka ga ba ya son ganina."

Matata ce kaɗai na gaya wa. Ta ce in bari sai an gyara madubin ya yi farin ciki tukuna, don zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ni kuma ina ganin kaya kafin su zo daga Kano ko Legas sai an yi makonni, kuma ban san ko yana da makonnin ba. Ina tsoron in faɗa ya tsine mini, ko maganar ta ƙarasa shi. Ina tsoron in yi shiru ya tafi yana fushi da wanda bai yi masa komai ba.

Don Allah ku gaya mini gaskiya ko da za ku zage ni, na cancanta. In fara samun Yaya Bala shi kaɗai, ko in tafi da liman, ko in durƙusa a gabansu su biyun? Masu sanin kayan kuma ku taimaka da abin da zai iso da wuri. Yau Talata. Kwana uku ya rage mini, kuma har yanzu duk lokacin da na shiga ɗakin, albarka yake sa mini.