Barewar da na bi cikin ƙanƙara

Zuwa ga Kawu Danda, a Issawane.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kana lahiya, kai da iyali da dabbobi. Allah ya ƙara maka tsawon rai. Na ji Zulaihatu ta sauka lahiya, Allah ya raya. Ni ma ina nan Kanada wajen shanun patron, wato maigidan da nake wa aiki, wata na biyu ke nan, sai sanyi da ban san yadda zan gaya maka shi ba.

Kawu, abin da ya sa na rubuto, wata tambaya ce ta hana ni sukuni. Ran asabar patron ya tahi da ni farautar barewa, shi da ƙanensa. Barewar ƙasar nan ta kai girman maraƙi. Ƙasa duk ta yi fari da dusar ƙanƙara, abin kamar garin rogo, ƙafa na nutsewa ciki. Patron ya ce in ƙanƙarar na shirin zuba, bareyi na hitowa kiwo da gaugawa, in ta sauko da ƙarhi sai su shige ƙarƙashin itatuwa masu duhu su kwanta. Ya ba ni wata jile, 'yar riga marar hannu, ja wur, ya ce kada in tuɓe ta, kada in gusa daga gindin iccen da ya aje ni.

Patron ya harbi guda, ta faɗi, ta tashi tana ɗingishi ta shiga daji. Wallahi Kawu ban yi tunani ba. Abin da na gani kawai, in ta mutu ba a sa mata wuƙa ba ta zama mushe. Na zaro wuƙata na bi ta. Jilen kuma na yar da ita, don kai ka koya mini ba a matsar barewa da tufa mai haske. Jini bisa farar ƙasa ya hi sawu bisa rairai sauƙin bi. Ina cikin bi sai sama ta ɓalle da ƙanƙara. Kahin in ankara jinin ya ɓace, na waiga, sawuna ma babu. Ba rana, ba gabas, itatuwa duk iri guda. Waya ta mutu don sanyi, yatsuna sun daina jin wuƙar.

Sai na tuna shanunmu in hadari ya taso, baya suke ba iska. Na ba iska baya na nuhi inda itatuwa suka hi duhu. Can na iske ta kwance tana numfashi. Na yi bisimilla na yanka, na cusa hannuwana cikin ɗumin jikinta. Ina durƙushe nan, rigata kalar ƙasa irin jikin barewa, na ji reshe ya karye. Na ɗaga kai, bakin bindiga na kallona daga tsakanin itatuwa. Faransancin duk ya gudu daga bakina. Abin da ya hito shi ne kiran da nake yi wa shanu bakin rijiyar Tchaké. Bindigar ta sauka a hankali. Ƙanen patron ne. Ya zauna daɓas cikin ƙanƙara, ƙaton mutum da gemu, yana kuka, yana nuna mini yatsansa da ke bisa kunamar bindiga. Sai lokacin na gane jilen ba don barewa aka ba ni ba, don mutane ne.

Da muka koma gida, patron ya aiko mini da cinyar barewar guda. Tana nan cikin firigo, na'urar sanyi, ban taɓa ba. Kawu, lokacin da na yanka ban san ina alƙibla take ba. Ka tambayo mini Malam Garba ko naman ya halatta, in ci ko in mayar.

Ka gaida Gwaggo, da Ƙadri, da Zulaihatu da jinjirinta. Inna kuwa, ka ce mata na yanka barewa. Batun bindigar ka bar shi tsakaninmu.

Ɗanka,
Dikko