Yarinya Mai Lamba Bakwai

Gombe,
9 ga Satumba, 1975.

Yaya Suwaibatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da maigida da yara kuna lafiya. Yaya ciwon ƙafar Inna?

Yaya, an cuce ni. Kin san littattafan nan uku da na shekara biyu ina cikawa a kan yaran ajina, 'yan shekara huɗu zuwa biyar: yadda suke wasa, abin da ke sa su kuka, ranar da bakinsu ya buɗe. Da aka ce za a tura mutum ɗaya Ingila ya yi digiri na biyu kan renon yara ƙanana, sai sufetonmu, Mista Bernard, ya karɓe su, wai zai haɗa da takardata ya aika. Bayan wata biyu ya ce sun ɓace a gidan waya. Jiya na ji shi ne zai tafi. Mutumin da bai taɓa share wa yaro majina ba!

Ban yi kuka a gabansa ba, har sauka lafiya na yi masa. Amma wallahi ban yafe ba.

Ki gaishe da Inna, kada ki gaya mata.

Ƙanwarki,
Safiyyatu.

Gombe,
2 ga Mayu, 1977.

Yaya Suwaibatu,

Ina gaisuwa, ina kuma yi muku barka da sabon jariri. Allah ya raya.

Ɓarawon ya dawo, da sabuwar Fijo da gida a GRA. Ya ajiye kundin digirinsa a ofis don kowa ya gani, ni ma na je na gani. Yaya, aikina ne tsaf, Turanci kawai ya gyara.

To ga inda Allah ya kama shi. Ni ba na rubuta sunan yaro, lamba nake ba kowa, don rufin asirin gidajensu. Takardar sunayen kuwa tana ƙasan akwatina. Lamba bakwai yarinya ce mai tabo a bayan kunnen hagu, wadda da ta ji ƙarar Besfa sai ta shige ƙarƙashin tebur ta jiƙe wandonta, saboda a kan Besfa ubanta ke dawowa gida. A ƙarƙashin wannan, Bernard ya ƙara nasa sharhin, wai irin wannan uba bai cancanci a bar masa yaro ba. Lamba bakwai Hilda ce, 'yarsa ta cikinsa. Ko tabon kunnen 'yarsa bai sani ba.

Wata mai zuwa zai yi lacca a gaban manya daga Bauchi. Na riga na bi gidajen iyayen sauran yaran goma sha ɗaya, daga Jekadafari har Kagarawal, na gayyato uwayen. Na san za ki ce in bar wa Allah. Na bar masa shekara biyu, yanzu kuma shi ya ba ni.

Taki,
Safiyyatu.

Gombe,
20 ga Yuni, 1977.

Yaya Suwaibatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta zo, amma ta makara.

An yi laccar. Da aka zo tambayoyi na miƙe da ladabina, na roƙe shi ya karanta mana labarin lamba bakwai. Ya karanta yana ƙara murya, har da sharhinsa a kan uban. Kafin ya kai ƙarshe matarsa Janet ta tashi daga layin gaba, ta ɗora hannu a ka ta fita. Sai babban baƙo ya nemi Bernard ya faɗi sunan ko da yaro ɗaya daga cikin sha biyun. Ya hau jujjuya takardunsa. Na fito da takardata na yi ta kiran lamba da sunan mai ita, uwaye suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Da na kira bakwai ba wadda ta tashi, sai kowa ya juya ya kalli kujerar Janet.

Yaya, zufa har ta jiƙa wa Bernard kwat. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma ba zan ɓoye miki ba. An dakatar da shi, ni kuma an kira ni Bauchi ranar Litinin mai zuwa da maganar karatun Ingila.

Abu ɗaya ne ban lissafa ba. Hilda tana cikin zauren, ita aka sa ta miƙa wa baƙi furanni. Ta ji komai, 'yan makarantarsu ma sun ji. Yanzu Lamba Bakwai suke kiranta.

Jiya na hango ta a hanyar kasuwa. Yarinyar da nake jawowa daga ƙarƙashin tebur in canza mata wando ba wanda ya sani. Na kira sunanta. Ta dube ni sosai, sannan ta tsallaka titi.

Ki gaishe da Inna. Bauchi dai zan je.

Ƙanwarki,
Safiyyatu.