Kada Ku Ba 'Yan Gwangwan Kwamfutar Baba

Assalamu alaikum Yaya Sharif,

Yaya mutanen Minna, yaya ƙafar Umma? Ni lafiya lau nake a Kumasi, Goggo na kula da ni. Abinci ne dai ba ya shiga, littattafan soyayyar ma na ajiye.

Faifan da marigayi Baba ya naɗa mana muryarsa ya ƙi buɗuwa a sabuwar kwamfutar gidan nan. Mai gyara ya gwada har ya gaji, ya ce manhajar ta tsufa, sai dai a tsohuwar kwamfutar Baba. Na ji wai bayan sadakar arba'in za ku ba 'yan gwangwan ita. Don Allah Yaya, ku bar mini ita. Na fara manta yadda yake kiran sunana.

Allah ya jiƙansa.

Ƙanwarka,
Amatullah